Kada Wake Ɗaya Ya Ɓata Gari: Yadda Ake Killace Kuskure A Shafin Intanet

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba shiga intanet domin cika takardar neman aiki, ko rajistar jarrabawa, ko biyan kuɗin makaranta, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da wannan abin takaici ba. Mutum yana tsakiyar aiki, ya cika gurabe goma ko fiye, sai kawai shafin ya ɓace, fuskar kwamfuta ko ta waya ta koma fari fat, ba rubutu ba bayani. Galibi akan ɗora laifin a kan raunin sadarwa, ko a ce wayar ce ta tsufa. Alhali kuwa sau da yawa wani ɗan ƙaramin sashe ne na shafin ya yi tuntuɓe, ya jawo wa sauran duka. Abin nan ne da Bahaushe ke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Domin a gane dalili, sai mai karatu ya san cewa shafukan zamani ba a rubuta su a dunƙule kamar wasiƙa. Harhaɗa su ake yi sashe sashe, kamar yadda magini ke jera tubali. Mu ɗauki shafin da ma'aikaci zai duba takardar albashinsa. Akwai sashen da ke nuna suna da hoto, akwai na matakin albashi, akwai na kuɗin da aka cire, sa'an nan ga wani a gefe mai kawo sanarwar ofis. Kowane sashe yana da nasa umarnin da aka rubuta da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda ke karɓar bayani daga babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya zana shi a gaban mai dubawa. To, idan sashen sanarwa ya nemi kwanan wata, aka tarar ba a cika gurbin ba, umarnin nan sai ya cije. Tambayar ita ce, me zai sami sauran sassan da ba su yi laifin kome ba?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu aiki da React, watau ɗaya daga cikin fitattun kayan aikin da ake gina irin waɗannan shafuka da su. Wani injiniya mai suna Jordan Walke ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Facebook na ƙasar Amurka, aka kuma sake shi kyauta ga jama'a cikin watan Mayu na 2013. A shekarun farko, idan kuskure ya auku lokacin da ake zana wani sashe, shafin yakan ci gaba da zama a fuska, amma lissafin da React ke riƙe da shi a ciki ya riga ya rikice. Daga nan sai wasu kurakurai masu wuyar fahimta su yi ta biyo baya, mai amfani da shafin kuwa bai san abin da ke gabansa ya daina zama abin dogaro ba.

Cikin watan Satumba na 2017 aka fito da React na 16, da wata doka mai tsanani: duk kuskuren da ya auku wajen zana shafi, ba a kuwa tare shi ba, to za a sauke shafin baki ɗaya. Farar fuskar nan da muka ambata, sau da yawa sakamakon irin wannan doka ce. Masu React sun ba da hujjarsu da misalai biyu. Na farko, a manhajar aika saƙo kamar Messenger, shafin da ya rikice yana iya sa mutum ya aika wa wani saƙon da ba nasa ba. Na biyu, a manhajar biyan kuɗi, nuna adadin da ba daidai ba ya fi rashin nuna kome muni. Watau dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma ba su bar jama'a da farar fuska kawai ba. Tare da dokar suka kawo wata dabara da za mu iya kira shingen kuskure. Shingen nan shi ma sashe ne, sai dai aikinsa shi ne ya kewaye waɗansu sassa ya tsare su. Idan ɗaya daga cikin waɗanda ke cikinsa ya faɗi, kuskuren yakan hau sama har ya iske shinge mafi kusa, a nan za a tare shi. Shingen sai ya janye abin da ya lalace, ya sa wani ɗan bayani a gurbinsa, ya kuma rubuta rahoton abin da ya faru domin masu gyara. Sauran shafin yana nan daram. Wanda ya san aikin fis a gidan da ke da lantarki ya riga ya gane manufar: waya ta haɗu a ɗaki guda, fis ɗin wannan layi ya ƙone, sauran ɗakuna suna da wutarsu.

Kamfanin Facebook ya bayyana a lokacin cewa haka ya yi wa Messenger. Jerin da ke gefe, da sashen bayani, da tarihin hira, da gurbin rubuta saƙo, kowanne an ba shi shingensa daban, yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su ci gaba da aiki. Ba a jima ba, cikin Oktoba na 2017, wani kayan aikin mai suna Vue ya shigo da tasa hanyar tare kuskuren sassa a fitowarsa ta 2.5. React kuma ya ƙara gyara tasa cikin Oktoba na 2018.

Sai dai fa shingen nan yana da iyaka, ya kuma kamata ɗalibai masu koyon wannan sana'a su riƙe ta da kyau. Abubuwa huɗu ne ba ya tarewa. Ba ya tare kuskuren da ya auku cikin umarnin da ke amsa latsa maɓalli. Ba ya tare na aikin da aka jinkirta, kamar jiran amsa daga nesa. Ba ya tare wanda ya faru a can babbar kwamfuta kafin a aiko da shafin. Haka nan ba ya tare kuskuren kansa, sai dai wani shingen da ke sama da shi ya tare. Waɗannan duka sai mai rubuta manhaja ya yi musu tanadi na dabam.

Babban aikin hankali kuwa shi ne sanin inda za a kafa shingen. In aka kewaye shafin duka da shinge ɗaya tak, an rage muni kaɗan ne kawai, domin kome zai tafi tare, sai dai a bar wa mutum saƙon ban haƙuri. In kuma aka kewaye kowane ɗan maɓalli da nasa, ana iya faɗawa cikin haɗarin da aka gudu tun farko. A duba shafin biyan kuɗin makaranta. Idan sashen da ke nuna adadin kuɗi ya faɗi, amma maɓallin biya yana nan yana aiki, ɗalibi zai iya biyan abin da bai gani ba. Saboda haka sassan da suka dogara da juna, kamar adadi da maɓallin biya, shinge ɗaya ya kamata su shiga, su tsaya tare su faɗi tare. Sassan da ba ruwansu da juna, kamar sanarwa da takardar albashi, su ne ake rabawa.

Bugu da ƙari, abin da za a rubuta a gurbin sashen da ya faɗi shi ma abin lura ne. Ya kamata ya faɗa wa mutum wane sashe ne bai buɗe ba, ko abin da ya riga ya cika yana nan, ya kuma ba shi maɓallin sake gwadawa, cikin harshen da zai fahimta. Rahoton kuskuren kuma lalle ne ya isa hannun masu kula da shafin. In ba haka ba, shingen ya zama labule ke nan, ɓarna tana ta aukuwa a bayansa wata da watanni ba wanda ya sani.

Wannan magana ba ta masu rubuta manhaja kaɗai ba ce. Yanzu da ma'aikatu da makarantu suke mai da ayyukansu kan intanet, jami'in da zai karɓi shafi daga hannun ɗan kwangila yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya sa hannu. Ya ce a cire wani bayani da gangan, a nuna masa abin da shafin zai yi. Ya tambayi wa ke karanta rahoton kurakurai, kuma sau nawa a mako. Gwajin nan ba zai ci awa guda ba, amma yana iya hana ɗalibi rasa rajista a ranar ƙarshe, ko ma'aikaci ya ga adadin da ba nasa ba ya ɗauka gaskiya ne. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.