Ma'aikatan Hukumar Kifi ta Ƙabilu Huɗu a Kogin Kolumbiya: Asalinsu da Ayyukansu

A arewa maso yammacin Amurka akwai wani babban kogi da a ke kira Kolumbiya. Yana tasowa daga duwatsun Kanada, ya ratsa jihar Washinton, ya zama iyaka tsakaninta da jihar Oregon, kana ya faɗa Tekun Pasifik. Tsawonsa ya zarce mil 1,200. Mutanen da Turawa suka tarar a bakinsa suna ce masa Nch'i-Wana, watau Babban Kogi. A cikin shekarar 1977 ƙabilu huɗu daga cikin mutanen nan, Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce, suka haɗa kai suka kafa hukuma guda don tsaron haƙƙinsu na su. Sunanta da Turanci Columbia River Inter-Tribal Fish Commission, babban ofishinta yana birnin Portland, ma'aikatanta kuwa sun fi ɗari. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana ko su wane ne ma'aikatan nan, daga ina suka fito, da abin da ko wane rukuni ke yi. Wanda duk ya bi jerin muƙaman hukumar ɗaya ɗaya zai ga babu wanda aka ƙaga don ado. Ko wanne akwai wata hasara ko wata shari'a da ta haife shi.

Sai mu fara da kifin, gama shi ne tushen maganar. Salmon kifi ne mai ƙaura. A kan ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwar ƙananan rafuka, ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekaru can yana girma, sa'an nan ya komo, ya hau kogi har rafin da aka haife shi, ya yi ƙwai ya mutu. An kimanta cewa kafin zuwan Turawa salmon miliyan 10 zuwa 16 ke komowa Kolumbiya ko wace shekara. Babbar matattarar masunta a wancan zamani ita ce gangaren ruwa na Celilo, inda su kan kafa dandamalin katako a bisa duwatsu, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙa kamfato kifi da raga mai dogon mariƙi. A nan akwai sarkin kifi. Shi ke faɗin ranar da za a buɗe su bayan an yi bikin kifin fari, shi ke tsai da shi da dare ko in wani ya nutse, domin jama'a su huta, kifi kuma ya sami wucewa ga mutanen da ke sama. Wanda ya san aikin Sarkin Ruwa a Argungu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda aka fi tunawa a wannan sarauta shi ne Tommy Thompson, wanda a zamaninsa ta zo ƙarshe: ran 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye Celilo. Tsohon ya rasu a 1959.

To, aikin da sarkin kifi ke yi shi kaɗai, yau an rarraba shi ga mutane da yawa. A bisa duka akwai wakilai. Waɗannan ba ma'aikatan albashin hukuma ba ne, su ne iyayen gidanta. Ko wace ƙabila tana da kwamitin kifi da namun daji, membobin kwamitocin nan huɗu su ne wakilan. Ko wace ƙabila ƙuri'arta ɗaya, ba a zartad da magana sai duka huɗun sun yarda, shugabanci kuma yana zagayawa tsakaninsu shekara shekara. Da yawansu masunta ne da suka tashi a bakin kogi, kamar Kathryn Brigham ta Umatilla, wadda tana cikin wakilan farko a 1977. Abin lura shi ne hukuma ba ta da ikon buɗe su ko rufe shi da kanta. Ko wace ƙabila ke kafa wa mutanenta doka, tana kuma da nata ma'aikatan kifi a ƙasarta. Hukuma mai ba da shawara ce da hidima. Mai digirin digirgir a cikinta ya kan kawo lissafinsa gaban masunci, masunci ya yanke.

Rukuni na farko cikin ma'aikata su ne lauyoyi da masu tsara manufa, asalin aikinsu kuwa yana cikin takardun 1855. A shekarar nan ƙabilun suka yi yarjejeniya da Gwamnatin Amurka, suka bar mata ƙasa mai faɗin gaske, amma suka keɓe wa kansu ikon kama kifi a duk wuraren da suka saba, ko da wuraren sun faɗa waje da ƙasar da aka rage musu. A nan akwai wata magana ta harshe da ya kamata malamai masu koyad da fassara su kula da ita. In mun ce da Hausa "yarjejeniya ta ba su ikon su", mun juya maganar. Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Winans ta 1905, ta bayyana cewa ba Gwamnati ta ba ƙabilu haƙƙi ba. Su ne suka ba ta wani abu, suka riƙe saura. Daidai a ce "sun riƙe", ko "sun keɓe wa kansu". Kotun ta kuma ce a fahimci yarjejeniyar yadda mutanen da suka sa hannu suka fahimce ta, tun da ya ke da Turanci aka rubuta ta, su kuwa ta bakin tafinta suka ji. Saboda haka abin da dattawa suka riƙe game da wuraren su da sunayensu ya zama hujja a gaban alƙali.

Duk da wannan hukunci, jihohi suka ci gaba da kama masuntan ƙabilu suna ƙwace musu raga. David Sohappy, mutumin Yakama, ya kai ƙara tare da 'yan'uwansa, a 1969 alƙali Robert Belloni ya yanke cewa ƙabilu suna da rabo na adalci a cikin kifin. A 1974 alƙali George Boldt, cikin wata shari'a a jihar Washinton, ya fayyace rabon, ya ce rabi ne na abin da ya halatta a kama. Kotun Ƙoli ta tabbatad da haka a 1979. Kotu ba ta saki ikonta a kan shari'ar Belloni ba. A ƙarƙashinta a ke ƙulla yarjejeniyar rabon kifi tsakanin ƙabilu da jihohi da Gwamnatin Tarayya, ta baya-bayan nan daga 2018 zuwa 2027. Wannan ita ce gonar lauyoyin hukuma, har da zaman shawara da Kanada bisa yarjejeniyar salmon ta 1985, domin kifin Kolumbiya a kan kama shi a teku tun bai iso gida ba.

Kalmar "rabi" ita ta haifi rukuni na biyu, watau masana kimiyya. Rabin me? Kafin a raba abu sai an san yawansa, ƙabilu kuwa sun ga ba za su dogara ga ƙidayar wanda suke shari'a da shi ba. Don haka hukuma ta ɗauki masana halittar kifi da masu lissafi da masana tafiyar ruwa, waɗansu 'yan ƙabilun ne, waɗansu kuwa baƙi ne da suka fito daga jami'o'i. A madatsar Bonneville, wadda aka gama a 1938, ita ce ta farko daga teku, akwai matakalar ruwa da kifi ke bi ya haura. A nan ma'aikatan hukuma kan tare kaɗan daga cikin masu wucewa, su auna tsawo, su cire ɓawo ɗaya ko biyu domin zanen da ke jikinsa yana nuna shekarun kifi, su yanki ɗan guntun fiffike, su sa alama mai girman ƙwayar shinkafa wadda na'ura ke karantawa a madatsun gaba, su sake shi.

Guntun fiffiken nan a kan kai shi Hagerman, a jihar Idaho, inda hukuma ke da ɗakin binciken ƙwayoyin gado tare da Jami'ar Idaho. Dalilin wannan ɗaki yana bukatar bayani. Kifin da ke cikin babban kogi gauraye ya ke, na rafi kaza da na rafi kaza, na daji da na gidan ƙyanƙyasa, a ido duk kusan ɗaya. Amma tun daga 1991 aka fara sa waɗansu zuriyoyi cikin jerin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, har suka kai 13. Yawan abin da masunci zai kama daga zuriya mai yawa ya rataya ga yawan abin da ragarsa za ta haɗa da shi daga zuriya mai ƙaranci. In an rasa hanyar bambancewa, sai a rufe su ga kowa. Masanan Hagerman kan adana bayanin gadon iyayen kifi a gidajen ƙyanƙyasa, bayan shekaru in ɗa ya komo daga teku su gane iyayensa da gidansu da shekarar haihuwarsa. Mutumin da ke zaune gaban kwamfuta a Idaho, watakila bai taɓa jan raga ba, amma aikinsa na iya ƙara wa masunci kwanakin su ko ya rage.

Har wa yau akwai waɗanda ke lura da madatsu: yaushe za a saki ruwa ta bisa domin 'ya'yan kifi su gangara ba tare da sun bi ta cikin injin wuta ba, da zafin ruwa da rani. Akwai masu shiga jirgi su kori zakin teku da ke tsare kifi a gindin Bonneville. Akwai kuma masu kula da lamfare, wata doguwar halitta mai baki kamar na matsattsaku, wadda a Ichishkiin a ke kira asum. Hukumomin Gwamnati sun daɗe ba su damu da ita ba, dattawa ne suka matsa, domin abincinsu ce, har hukuma ta fitad da shiri na musamman dominta a 2011.

Rukuni na uku 'yan sanda ne, masauƙinsu garin Hood River. A 1982 jami'an Gwamnati suka yi wa masunta tarko, suka sayi kifi a hannunsu a ɓoye, kana suka kai samame. Aka sami Sohappy da laifin sayad da kifi 317, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar. A farkon shekarun 1980 ɗin nan ne ƙabilu suka kafa nasu 'yan sandan ruwa a ƙarƙashin hukuma, bisa hujjar cewa wanda ke da ikon kafa doka shi ya kamata ya tsare ta. Suna sintiri a ruwa da tudu tsakanin Bonneville da madatsar McNary, tafiyar mil 147, ɗan ƙabila da aka kama kuwa kotun ƙabilarsa a kan kai shi. Su ne kuma ke fita neman jirgin da iska ta kife. A ganina babu aiki mai nauyi a hukumar kamar wannan, gama jami'i na iya tarad da ɗan'uwansa ya yi su ran da aka hana.

Akwai kuma ma'aikatan da ba a cika ambata ba, masu gyaran masauƙan masunta. Da Bonneville ta nutsad da wuraren su, Gwamnati ta yi alkawarin eka 400 a madadinsu, abin da ta bayar bai wuce kimanin eka 40 ba. Sai a 1988 majalisar ƙasa ta yi dokar ƙara wurare, jimla ta kai 31. Masu gyaran famfo da makewayi da matsayar jirage da rumfunan shanya kifi a wuraren nan ma'aikatan hukuma ne. Kusa da su akwai masu koya wa masunta sa kifi a ƙanƙara da ƙa'idodin tsabta, domin su sayar kai tsaye ga mai ci, su tsira daga farashin dillali.

Wanda ke son ganin yadda asalin ma'aikata ya sauya, ya dubi manyan daraktoci. Na farko, Roy Sampsel, ba daga ƙabilun huɗu ya fito ba, jinin Choctaw da Wyandotte ne. Tim Wapato, wanda ya riƙe hukumar a shekarun 1980, ya yi fiye da shekara ashirin yana ɗan sanda a Los Angeles. Ted Strong na Yakama ya riƙe ta daga 1989 zuwa 1999, a zamaninsa aka rubuta babban shirin farfaɗo da kifi na 1995, aka sa masa suna Wy-Kan-Ush-Mi Wa-Kish-Wit, watau kurwar salmon. Jaime Pinkham na Nez Perce, daga 2017 zuwa 2021, malamin daji ne da ya taɓa zama a majalisar ƙabilarsa. A 2021 aka naɗa Aja DeCoteau ta Yakama, wadda ta yi karatun muhalli a Dartmouth da Yale, ta kuma daɗe tana aiki a hukumar kafin ta hau.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da ke fitowa in masani da ɗan gida sun yi aiki tare. Dokar tsabtar ruwa a Amurka ta rataya ga yawan kifin da a ke zaton mutum na ci, domin guba na taruwa a jikin kifi. Ma'aunin ƙasa a da giram 6.5 ne a rana. Hukuma ta bi mutanen ƙabilun huɗu tana tambaya, a 1994 ta bayyana cewa babban mutum a cikinsu yana cin kimanin giram 58.7, watau ninki tara. Da wannan hujja aka yi ta fama, har jihar Oregon ta ɗaga ma'auninta zuwa giram 175 a 2011.

Saura maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗin faɗa. Dokar wutar lantarki ta 1980 ta wajabta a biya hasarar kifi daga kuɗin wutar madatsu. Saboda haka babban kaso na kuɗin binciken hukuma daga hannun hukumar da ke sayad da wutar Bonneville ya ke fitowa, watau masani yana auna ɓarnar madatsa da kuɗin madatsa. A 2008 ƙabilu uku da hukumar suka ƙulla yarjejeniyar shekara goma da hukumomin madatsu, aka ba da kuɗin ayyukan kifi, su kuma suka yarda su dakatad da ƙara a kan madatsun. Nez Perce, wadda kifinta sai ya haura madatsu takwas kafin ya isa ƙasarta, ta ƙi sa hannu, ta ci gaba da shari'a, wakilanta kuwa suka ci gaba da zama a hukumar tare da sauran ukun.