Fata Dabam, Guri Dabam

Jama'a, tun daga ƙarshen shekarar 2021 da aka soma rushe tsofaffin unguwannin Jidda, kamar su Gulail da Sabil da Hindawiyya da Kandara, har aikin ya iso mu a Ruwais, ba kalmar da kunnena ya sha ji kamar haƙuri. Wanda aka rubuta wa jan fenti a jikin bango a ce masa ya yi haƙuri. Wanda ya ɗora katifa da tukwane a bayan mota bai san inda zai sauke ba, shi ma a ce masa ya yi haƙuri. Wata rana wani dattijo ya tare ni, ya ce, "Malam, wai shin haƙurin nan da kuke ta faɗa, a zauna ne a naɗe hannu, ko kuwa?" A ranar ban ba shi amsar kirki ba. Ita ce nake so in biya shi yanzu.

Ku tuna fa ba mu ne farkon shan wannan wahala ba. Kakannin yawancinmu da ƙafa suka zo. Wasu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuwa aikin Hajji kurum ya fito da su. Suka ratsa Wadai da Darfur, suna tafe suna ƙodago, a tsaya a yi noma shekara biyu ko uku a sami guzuri, sa'an nan a ci gaba har Sawakin, a shiga jirgin ruwa. Da yawa an binne su a hanya. Waɗanda suka iso aka kira su Takari, suka kafa bukkoki a bayan ganuwar Jidda. To, me ya riƙe mutum shekara goma a kan hanya bai juya ba?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan tsoro da fata, ya kuwa yi misali da abin da kowane Bahaushe ya sani, watau noma. In mutum ya sami ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sa'an nan ya zauna jiran falalar Allah, wannan jira shi ne fata. In ya watsa iri a kan fako ko ƙasa mai kanwa ya tafi ya kwanta, jiransa wauta ce. In kuwa ƙasar mai kyau ce amma bai ba ta ruwa ba, yana sauraron ruwan sama a inda ba a saba samunsa ba, wannan sunansa guri. Ka ga su ukun duk jira suke yi, kowa ya gan su a gindin itace ba zai rarrabe su ba. Sai an duba gonar.

Da wannan ma'auni na sake karanta littafin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, tun yana malamin makaranta, tun ba a san zai zama Firayim Ministan Nijeriya ba. Ni da ajami na tashi, boko da girmana na koya, shi ne kuwa littafi na farko da na sauke da shi. An sace Umar yana ƙarami, ƙaddara ta kai shi hannun wani Balarabe wanda ya tafi da shi Masar, ya rene shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta bar gida ta bi sawunsa. Aka yaudare ta a hanya, aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada, ta sha ɗauri da yunwa. Bayan shekaru Allah ya haɗa su a Tarabulus, ta ga ɗanta ya zama malami, ba ta jima ba ta cika.

Can da ina yaro na ji haushin mawallafin. Na ce don me zai wahalad da baiwar Allah haka, sa'an nan ya hana ta ko damina ɗaya tare da ɗanta? Yanzu na gane ba mugunta ya yi ba, ƙarya ce ya ƙi yi mana. Da ya mai da ita gida ta tsufa cikin jikoki, da mun ɗauka haƙuri ciniki ne, ka biya yau ka karɓi kaya gobe. Matar nan ba ta san za ta gan shi ba. Abin da ta sani shi ne tana da ɗa, kuma ƙafarta tana iya tafiya. Ta shuka, ta ba da ruwa. Ko da ta faɗi a Murzuk ba ta gan shi ba, ba mai cewa tafiyarta ta banza ce.

Wani abin mamaki, na tarad da wannan magana a bakin wanda ba addininmu ɗaya ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne Bayahude, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, sunansa Viktor Frankl. Mutanen Hitila suka kulle shi a sansanoninsu, har da Auschwitz, suka hallaka ubansa da uwarsa da ɗan'uwansa da matarsa. Ya fito, ya buga littafi a 1946, an kuwa fassara shi da Larabci, a nan na karanta. Ya ce ya lura wanda ya san akwai mai jiransa, ko akwai aikin da bai gama ba, ya fi jimirin azaba. Shi kansa ya shiga da rubutun wani littafi a ɓoye cikin rigarsa, aka ƙwace, ya riƙa sake rubuta shi a guntayen takarda. Amma ga inda ya gamu da Gazali. Ya ce tsakanin Kirsimetin 1944 da sabuwar shekara mace-mace suka yi yawa ƙwarai a sansanin, ba don abinci ya ragu ko sanyi ya ƙaru ba. Mutane ne suka sa a ransu lalle Kirsimeti a gida za ta same su. Ranar ta zo ta wuce, zuciya ta karye, jiki ya bi ta.

Na ga irin wannan da idona. Akwai waɗanda suka zauna suna cewa ai ba za a iso layinmu ba, wane ya ji daga wane an dakatad da aikin. Ba su nemi ɗaki ba, ba su kwashe ko takardunsu ba, sai da aka yanke wuta. Su ne har yau ba su dawo daidai ba. Akwai kuma wata gwauruwa mai sai da waina, wadda tun ranar da ta ga jan fenti ta shiga zaga dangi tana rubuta inda kowa zai koma. Ita ma ta yi kuka, kuka mai yawa. Amma da takardarta muka gano yaran makarantarmu bayan an watse.

Sai dai in ja kunnen malamai 'yan'uwana, har da ni. Frankl ya ce wahalar da ake iya kawarwa, kawar da ita ake yi, ba a tsaya neman ma'ana a cikinta. Mu ma mun san haka a karatunmu. Wanda yake da kuɗin haya na wata biyu a aljihu, ya dubi maƙwabcinsa da yara shida a titi ya ce masa ya yi haƙuri, bai karanta Gazali ba, ko da ya haddace shi.

Baba, ga amsarka ta zo a makare. Makaranta kuwa tana nan, a ɗaki ɗaya da wani ɗan ƙungiya ya ba mu aro. Alluna ba su kai na da ba, amma ana wanke su kowace safiya. Wanda ya san inda wani yaronmu ya koma, ya gaya wa magatakardan ƙungiya ran Jumma'a bayan La'asar.