Kanwa, Bakin Soda da Ciwon Ƙoda: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo

Yis, bakin hoda da bakin soda su ne ke tayar da ƙullun masa, fanke da burodi a gidajen Hausawan Nombakele da ke Libreville, sai kanwa da ake ɗan ɗiga wa masa don kashe tsami. Wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ya tattaro su duka ya jingina da ciwon ƙoda, ya cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Cewa yis yana kumbura ƙoda kamar yadda yake kumbura ƙullu zancen banza ne, domin zafin tanda yana kashe shi. Gishirin da ke cikin burodin ne abin lura. Gargaɗin da aka yi kan bakin hoda kuwa yana da tushe. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin fosfet, wanda hanji ke zuƙe kusan dukkansa, raunanniyar ƙoda kuma ba ta iya fitar da shi. In ya taru, sai ƙaiƙayi, raunin ƙashi da taurin jijiyoyin jini.

Maganar da ke iya kisa ita ce ta shan cokalin bakin soda ko jiƙon kanwa kowace safiya, wai yana wanke ƙoda har mutum ya rabu da na'urar wankin jini. Wanda ya tura wannan, rayukan mutane yake wasa da su.

Gaskiya ne likitoci na rubuta wa wasu majinyata sodiyam bikabonet, wato sinadarin bakin soda, amma sai gwajin jini ya nuna tsami ya yi yawa, kuma da awo. Wani bincike a Landan a 2009, kan majinyata 134, ya nuna hakan ya rage saurin lalacewar ƙoda. Wani da aka yi kan tsofaffi a Birtaniya, aka fitar a 2020, bai ga wannan amfanin ba. Babu ɗayansu da ya nuna ƙodar da ta mutu ta farfaɗo.

Ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda yana da sodiyam fiye da miligiram 1,200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai 2,000 a yini. Ga mai ciwon ƙoda, wannan na nufin hawan jini, ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara da dare. Kanwa ta fi haɗari, tun da babu mai sanin awon abin da ke cikin kowane dunƙule. Ruwan toka kuma cike yake da fotasiyam, wanda ke iya tsayar da zuciya.

Ba abin zargi ba ne mai zaman awa huɗu jikin na'ura, sau uku a mako, ya nemi mafita mai sauƙi. Sai dai tsallake wankin jini yana barin fotasiyam da ruwa su taru cikin 'yan kwanaki, kuma majinyacin da aka riga aka rubuta wa bikabonet ninka awon yake yi idan ya ƙara da na ɗakin girki.