Dunƙulen taurari: tsofaffin shaidun tarihin galaksinmu

Kusan kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta. Su ma gungun taurari ne, amma yara ne, shekarunsu wajen miliyan 100 kacal. A wannan makon muna magana ne kan kakanninsu: dunƙulen taurari, wato dubban ɗaruruwan taurari ko miliyoyi da ƙarfin jan juna ya cure su wuri guda kamar curin fura. Galaksinmu, babban garken taurarin da Rana take ciki, yana da irin waɗannan dunƙule sama da 150 da aka sani.

Me ya sa masana suka damu da su? Saboda taurarin dunƙule ɗaya kusan sa'o'in juna ne, daga gajimaren iska guda aka haife su. Tauraro mai nauyi yana ƙone makamashinsa da sauri ya mutu, mara nauyi kuwa yana ci a hankali ya daɗe. Don haka idan aka duba wanne ne mafi nauyi cikin waɗanda har yanzu suke ƙona haidurojin a cibiyarsu, sai a lissafa shekarun dunƙulen. Da yawansu sun kai shekara biliyan 12 zuwa 13. Ranarmu tana da biliyan 4.6, sararin samaniya gaba ɗaya kuma biliyan 13.8. Haskensu ma yana ba da shaida: ƙarfen da ke jikinsu kaɗan ne ƙwarai, domin an haife su tun taurarin farko ba su gama ƙera ƙarfe su watsa shi ba.

A 1918 Harlow Shapley a Amurka ya auna nisan waɗannan dunƙule, ya ga sun fi taruwa ta wajen burujin Ƙausu. Ya gane cewa cibiyar galaksin can take, mu a gefe muke. A yau an san tsakaninmu da cibiyar ya kai tafiyar haske ta shekara 26,000.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ba duka dunƙulen ne 'yan gida ba. Galaksinmu ya girma ne ta hanyar haɗiye ƙananan galaksi. Idan ya haɗiye su, taurarinsu sukan warwatse, amma dunƙulensu da yawa sukan tsira saboda a matse suke, su ci gaba da kewayawa a hanyar da ke tona asalinsu. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya auna motsin taurari fiye da biliyan ɗaya. Daga bayanansa ne a 2018 aka gano wani galaksi da namu ya haɗiye kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Haɗiyar ma ba ta ƙare ba: dunƙulen M54 na wani ƙaramin galaksi ne da aka gano a 1994, wanda namu yake yagawa a yanzu.

Babbansu shi ne Omega Sentauri, mai taurari wajen miliyan 10. Taurarinsa sun bambanta da juna a yawan ƙarfe, shi ya sa masana da dama ke ganin ragowar cibiyar wani galaksi ne da aka cinye sauran jikinsa.

Wannan kam ana ganinsa da ido daga nan. Tsakanin Afirilu da Yuni, a daren da babu farin wata ko hadari, ku nisanci fitilu ku fuskanci kudu, ku ɗaga kai kamar sulusin hanya daga ƙasa zuwa tsakiyar sama. Za ku ga kamar tauraro mai hazo-hazo. Hasken da zai shiga idonku ya baro can tun shekara kusan 17,000 da suka wuce.