Taimakon Karatu A Amurka: Aljihun Wa Ake Dubawa In Uwa Ce Kaɗai Ke Riƙon Gida?

A kowace shekara miliyoyin yara masu shirin barin sakandare a ƙasar Amurka sukan zauna su cika wata takarda ta Gwamnatin Tarayya da ake kira FAFSA, wadda da ita ce ake auna ƙarfin kowane gida, don a san ko ɗansu ya cancanci a taimaka masa da kuɗin karatu a jami'a. Ga yaron da uwarsa da ubansa suke tare, cikar wannan takarda ba ta wuce lissafin albashi da haraji ba. Amma ga wanda uwa kaɗai ta rene shi, ko uba kaɗai, akwai tambayar da ke gaba da lissafi, watau aljihun wa za a duba? Na uwar da ke ci da shi, ko na uban da ya yi tafiyarsa, ko kuwa na mijin da uwar ta aura daga baya? Amsar wannan tambaya ita ce ke raba wanda zai sami fiye da dala dubu bakwai kyauta da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Irin waɗannan yara kuwa ba kaɗan ba ne. Wani bincike da Cibiyar Pew ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 23 daga cikin ɗari na yaran Amurka suna zaune ne da uwa ko uba kaɗai, babu wani babba a gidan. A duniya baki ɗaya kashi 7 ne, a Nijeriya kuwa kashi 4. Ba wai a nan aure ba ya mutuwa ba ne, ko ba a rasa mazaje. Sai dai bazawara takan koma gidan iyayenta, maraya kuma yakan sami baffa ko kawu. A can kuwa matar da aurenta ya mutu ita da 'ya'yanta ne a ɗakin haya, ita ce mai nema, ita ce mai reno.

Asalin Taimakon

Ran 8 ga Nuwamba, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar Ilmi Mai Zurfi, a kwalejin da shi kansa ya yi karatu a garin San Marcos na Jihar Teksas. Cikin 1972 aka yi wa dokar gyara bisa ƙoƙarin Sanata Claiborne Pell, aka kafa wani tallafi da ake ba ɗalibi gwargwadon talaucin gidansu, ba gwargwadon hazaƙarsa ba. A 1980 aka sa wa tallafin sunan Pell. Kyauta ce, ba rance ba, kuma fiye da ɗalibai miliyan shida suke karɓarsa a kowace shekara. Mafi yawan abin da aka ba ɗalibi ɗaya a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 shi ne dala 7,395, mafi ƙanƙanta kuma dala 740. Ba a ba mutum fiye da na shekara shida na cikakken karatu.

Takardar FAFSA ta daɗe tana shan suka saboda tsawonta, don ta taɓa kai tambaya 108. Sanata Lamar Alexander na Jihar Tennessee ya sha warware ta a zauren Majalisar Dattawa tana reto har ƙasa, don 'yan'uwansa su ga abin da ake ɗora wa talakawa. A watan Disamba na 2020 Majalisa ta zartar da dokar sauƙaƙa ta, sabon tsarin kuma ya fara aiki da shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Farkon aikin ya zo da tangarɗa, gama takardar da aka saba buɗewa ran 1 ga Oktoba ba ta fito ba sai ƙarshen Disamba na 2023.

Rangwamen Da Aka Yi Wa Gida Mai Ginshiƙi Ɗaya

Babban abin da sabuwar doka ta kawo shi ne ta yarda a fili cewa gidan da mutum ɗaya ke ɗauke da shi ba daidai yake da gidan mutum biyu ba, ko da abin da ke shigo musu ɗaya ne. Gwamnati tana da wani ma'auni na talauci da take fitarwa kowace shekara bisa ga yawan mutanen gida. In uwa da uba suna tare, ɗansu zai sami cikakken tallafin Pell muddin samunsu na shekara bai wuce kashi 175 cikin ɗari na wannan ma'auni ba. In kuwa uwa ce kaɗai, ko uba kaɗai, sai a ɗaga iyakar zuwa kashi 225, watau ninki biyu da rubu'i.

Bari a sa lissafin a faifai. A 2022, wadda ita ce shekarar da aka yi amfani da harajinta wajen rabon 2024 zuwa 2025, ma'aunin talaucin gida mai mutum uku dala 23,030 ne a yawancin jihohi. To, miji da mata masu ɗa ɗaya sun fita daga sahun masu cikakken tallafi da zarar samunsu ya haura wajen dala 40,300. Amma bazawara mai 'ya'ya biyu, su ma mutum uku ke nan, tana cikin sahu har samunta ya kai wajen dala 51,800. Tazarar ta fi dala 11,000. Haka kuma ga mafi ƙanƙantar tallafi, iyakar ma'aurata kashi 275 ce, ta mai riƙon gida shi kaɗai kuwa kashi 325. Wanda samunsa ya gaza har doka ba ta wajabta masa cika takardar haraji ba, ɗansa yana samun cikakken tallafi ba tare da wani dogon lissafi ba.

Hikimar abin ba ta ɓoye ba. Inda ake da mutum biyu, ɗaya zai iya tsayawa da yara ɗaya ya fita nema. Inda mutum ɗaya ne, duk sa'ar da uwa ta yi a wurin aiki sai ta biya mai reno, ran da ta kwanta ciwo kuma babu abin da zai shigo.

An kuma sauya yadda ake lissafa kuɗin ciyarwa da kotu kan sa uba ya riƙa biya bayan rabuwa. A dā ana haɗa su ne da samun uwa na shekara, sai su kumbura lissafinta su rage rabon ɗanta. Yanzu an mai da su cikin sahun kadara, inda ɗan abin da ake ɗiba bai kai na samu ba. Daɗin daɗawa, yawancin gidajen da samunsu bai kai dala 60,000 ba, ba a ma tambayarsu kadara.

Wa Ake Kira Mahaifi?

A nan ne maganar take da wuya. A tsohon tsari, in aure ya mutu, wanda yaro ya fi daɗewa a gidansa cikin wata goma sha biyu da suka wuce shi ke cika takarda. Sabon tsari ya ce a'a, wanda ya fi kashe wa yaron kuɗi shi ne zai cika, ko da ba a gidansa yaron yake kwana ba. In sun yi kunnen doki, sai a ɗauki wanda ya fi samu da dukiya. An yi haka ne don a toshe wata kafa, gama akwai masu hali da kan tura yaro ya zauna wurin wanda ya fi ƙarancin samu daga cikinsu in lokacin cika takarda ya gabato.

Sai dai wannan gyara yana da kaifi biyu. Alal misali, ga mata mai aikin shara a asibiti, yaro yana hannunta tun yana goye, uban kuma yana aiko da kuɗin ciyarwa da suka ɗara abin da ita take iya kashewa. A idon doka uban ne zai cika takarda, albashinsa za a auna, in ya sake aure kuma har da na amaryarsa. Yaron da ya tashi cikin rashi sai a rubuta shi ɗan masu hali, alhali babu dokar tarayya da ta tilasta wa uban nan ya biya masa ko sisin kwabo na kuɗin jami'a.

Haka al'amarin yake ga agola. Ran da uwa ta sake aure, ta fita daga sahun masu riƙon gida su kaɗai, rangwamen kashi 225 ya faɗi, kuma dole a rubuta samun sabon mijin. Ko da sun yi yarjejeniya a rubuce kafin aure cewa ba ruwansa da karatun 'ya'yanta, gwamnati ba ta duban wannan takarda. Uwa da uban da ba su yi aure ba amma suna zaune ɗaki ɗaya, su ma dukansu ake aunawa. Wadda mijinta ya rasu ita ce lamarinta ya fi sauƙi, don nata kaɗai ake dubawa. Da yake harajin shekara biyu baya ake amfani da shi, wanda mutuwa ko rabuwa ko rashin aiki ya auka wa gidansu daga bisani yana da damar kai kuka ofishin tallafi na makarantarsa, doka kuma ta ba jami'an ofishin ikon gyara lissafin in an kawo shaida.

Akwai kuma wanda ya ƙi. Sabon tsari ya shar'anta cewa duk wanda aka sa sunansa a takarda sai ya yarda a ɗauko bayanin harajinsa kai tsaye daga hukumar haraji. In uban da ya kamata ya cika ya ce ba ya yi, tallafin Pell ya kuɓuce wa yaron. Ƙin uba kaɗai ba ya sa a ɗauki ɗalibi a matsayin mai cin gashin kansa. Sai in ya kai shekara 24, ko ya yi aure, ko yana da 'ya'yan da yake ciyarwa, ko ya yi aikin soja, ko iyayen duka sun rasu, ko kuwa ya tabbatar wa makaranta da cewa an yashe shi ko ana cutar da shi a gida. Ta haka fushin da ke tsakanin mata da tsohon mijinta yake saukowa a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Manyan Jami'o'i Da Nasu Sharaɗin

Duk wannan bayani na kuɗin gwamnati ne. Manyan jami'o'i masu zaman kansu suna da nasu asusun, kyautarsu kuma ta ninka ta gwamnati sau da yawa. Jami'ar Harvard ta ba da sanarwa a watan Maris na 2025 cewa ɗan gidan da samunsu bai wuce dala 100,000 ba zai yi karatu kyauta, har da ci da kwana. Amma irin waɗannan makarantu suna neman a cika wata takarda dabam mai suna CSS Profile, da yawa daga cikinsu kuma ba sa gamsuwa da aljihu ɗaya. Ra'ayinsu shi ne, aure yana mutuwa amma haihuwa ba ta mutuwa, saboda haka uban da ba ya tare da yaro shi ma ya kawo bayanin dukiyarsa.

Magana ce mai kama hankali, sai dai nauyinta a kan yaro yake faɗawa. Wanda rabonsa da ganin ubansa tun yana rarrafe, shi ne zai shiga neman inda yake, ko kuma ya rubuta roƙon a ɗauke masa sharaɗin, ya haɗa da wasiƙar wani da ba danginsa ba, kamar malamin makaranta ko limami ko jami'in jin daɗin jama'a, mai shaidar cewa lalle uban ya ɓace. Kowace jami'a ita ke yanke hukuncinta, wata ta karɓa wata ta ƙi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ke nan ana sa shi ya tona asirin gidansu ga baƙi, makaranta bayan makaranta.

Ko An Samu, Ya Isa?

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da cikakken tallafin yake dala 1,400, yana biyan fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin karatu da ci da kwana a jami'ar gwamnati. A 2024 zuwa 2025, bisa ƙididdigar hukumar College Board, matsakaicin kuɗin makaranta ga ɗan jiha a irin wannan jami'a dala 11,610 ne, ci da kwana kuma dala 13,310. Dala 7,395 ba ta kai sulusin wannan ba. A ƙananan kwalejojin gari na shekara biyu ne kawai, inda matsakaicin kuɗin makaranta yake wajen dala 4,050, tallafin ke biya har ya yi saura.

Ragowar sai a nema daga tallafin jiha, da na makaranta, da ƙwadago, da rance. Ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye ba ya iya karɓar rancen tarayya fiye da dala 5,500. In bai isa ba, sai uwa ta ci bashi da sunanta, wanda ruwansa ya kai kashi 9.08 cikin ɗari a 2024 zuwa 2025. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 4 ga Yuli, 2025, ta ƙayyade wannan rance na iyaye ga sababbin masu karɓa daga Yuli na 2026, watau dala 20,000 a shekara, jimla kuma dala 65,000 a kan kowane ɗa. Sabon tsarin FAFSA ya kuma soke sassaucin da ake yi wa gidan da ke da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda, abin da ya fi taɓa waɗanda samunsu ya ɗan haura iyakar cikakken tallafi.

Mai karatu da ke da 'yan'uwa a can ya kamata ya san cewa tallafin Pell na 'yan ƙasa ne, da masu takardar zama ta dindindin, da wasu rukunoni kamar 'yan gudun hijira da aka amince da su. Ɗalibin da ya tafi daga Kano ko Ikko da bizar karatu ba ya ciki, komai talaucin gidansu. Amma yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin nema ko da mahaifiyarsa ba ta da takardar zama, ko kuma tana zaune a wata ƙasa dabam.