An Ɗan Buge Tsohuwar Motarka? Ga Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Wajen Karɓar Haƙƙinka Daga Inshora

Abu ne da ke faruwa kullum a cunkoson titin Zariya a Kano ko a Mararraba kan hanyar Abuja. Ka taka birki, na bayanka bai ankara ba, sai ka ji ƙara. Bamba ta lotsa, fitilar baya ta fashe, amma babu wanda ya ji rauni. Jama'a su taru ana ba da haƙuri, a ƙarshe mai tsohuwar Golf ko Corolla ya nufi wajen fanel bita ya biya daga aljihunsa, alhali takardar inshorar wanda ya buge shi tana cikin motarsa.

Yawancinmu muna sayen inshora ne don kada jami'an hanya su tare mu. Amma kuɗi ne ka biya, kuma akwai abin da ya kamata ya yi maka ranar da tsautsayi ya gitta.

Wace irin inshora gare ka?

Doka ta wajabta wa kowace mota a Najeriya inshorar ɓangare na uku. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne, wannan inshora ba ta gyara motarka. Tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne. Saboda haka idan kai aka buga, kamfanin wanda ya buge ka za ka nema. Cikakkiyar inshora ce ke gyara motar mai ita, kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa masu tsofaffin motoci ba su cika yin ta ba.

Minti goma na farko

Ka kunna fitilun gargaɗi, ka tabbatar kowa lafiya. Idan akwai rauni, kira hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 122. Kafin a matsar da motocin, ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga matsayinsu a kan titi, sannan ka matso ka ɗauki inda ya lotsa, lambar kowace mota, lasin direba da takardar inshorarsa. Bidiyo na daƙiƙa talatin kana zagaya motocin ya fi dogon bayani. Ka tura wa kanka wurin da kake ta WhatsApp, ka karɓi lambar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin da ya faru.

Sai ka duba ko inshorarsa ta gaske ce, domin takardun bogi sun yi yawa a kasuwa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga shafin askniid.org, ka sa lambar motar. Idan ba ta fito ba, ka san da direban za ka yi magana kai tsaye. Yana da kyau ka gwada da taka motar tun yau.

Kada ka rubuta ko ka sa hannu cewa laifinka ne. Sharuɗɗan inshora galibi sun hana amsa laifi ba da izinin kamfani ba. Ka sanar da kamfanin da wuri, ka nemi rahoton 'yan sanda, kuma kada ka fara gyara kafin jami'insu ya zo ya ƙiyasta ɓarnar.

Inda tsohuwar mota ke shan wahala

Kamfani ba ya lissafi da abin da ka kashe wa motarka ko yadda kake ji da ita. Darajarta a kasuwa ranar da aka yi haɗarin yake dubawa. Idan kuɗin gyara ya kusa kai wannan darajar, yana iya cewa motar ta tashi aiki, ya biya ka kuɗinta ya karɓi gawar. Idan kuma za a sa sabon kaya a madadin tsohon da ya ci shekara ashirin, ana iya rage wani kaso saboda tsufa. A cikakkiyar inshora akwai wani ɓangaren kuɗin gyara da mai mota ke biya da kansa, don haka idan ɓarnar ba ta wuce shi ba, neman diyya ba zai amfane ka ba.

Gardama ta biyu ita ce a ce lotsawar tsohuwa ce. Maganinta mai sauƙi ne: duk lokacin da ka sabunta inshora, ɗauki hoton motarka ta kowane gefe ka adana a Google Photos, inda kwanan wata zai kasance a jiki. Ka riƙa ɗaukar hoton rasit na duk gyaran da ka yi. Idan za a yi ciniki kan darajar motar, hotunan tallan irinta a shafukan sayar da motoci hujja ce a hannunka.

Na'urori biyu masu amfani

Kyamarar gaban mota, wadda ke naɗar bidiyo a katin ajiya muddin inji na aiki, tana kashe gardamar waye da laifi. Ka nemi mai ido biyu, gaba da baya, tunda bugun baya ya fi yawa a cunkoso. Ta biyu ita ce ƙaramar na'urar OBD2 da ake sakawa ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Tana nuna matsalar da kwamfutar mota ta gano bayan bugun, wadda ido ba zai gani ba.

Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa bayan ka cika takardu, kana da damar kai ƙorafi ga NAICOM. Ka ajiye kwafin duk saƙon da kuka yi musaya, domin da shi za a saurare ka.