Zaman Baƙi a Paje, Garin Bakin Teku a Zanzibar

Paje ƙaramin gari ne a gabar kudu maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, kimanin kilomita 50 daga birnin Zanzibar, kuma yana cikin wuraren da Turawa da sauran baƙi suke tarewa bayan sun baro ƙasashensu masu sanyi. Iska ce ta fara jawo su, domin daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas da mutanen wurin ke kira kaskazi takan kaɗa, daga Yuni zuwa Satumba kuma ta kudu mai suna kusi, kuma da su ake wasan sulu a kan ruwa, wanda mutum ke tsayawa bisa allo wata ƙatuwar lema tana jan sa. Da yawa cikin waɗanda suka zo hutu sukan dawo da niyyar zama, musamman masu aiki ta intanet da albashinsu ke shigowa da dala ko yuro.

Mai hutu dai garin rani yake gani, amma mazauni sai ya sha daminar da ake kira masika, wadda ke sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da wasu otal-otal ke rufewa, tufafi su yi fumfuna a cikin akwati, gishirin iskar teku kuma ya ci gaba da cin ƙarfe har tsatsa ta kama makulli da fanka da cikin kwamfuta. Ruwan rijiyoyin da ke dab da gaɓa yakan yi zartsi, saboda ƙasar yankin dutsen murjani ce mai ramuka da ruwan teku ke kutsawa. Wutar lantarki kuwa daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma tsibirin ya taɓa zama cikin duhu daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 sa'ad da layin ya lalace. Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, a birni yake, ciwon da ya fi ƙarfinsa kuma sai Dar es Salaam ko Nairobi.

Batun fili ne ya fi ruɗin sababbin zuwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1992 ta mayar da dukkan filayen Zanzibar na al'umma a hannun gwamnati, saboda haka baƙo ba ya mallakar fili, sai dai ya karɓi haya ta tsawon shekaru, wadda dole ta bi ta hannun hukuma. Takardar da aka rubuta da wani dattijo a gindin bishiyar kwakwa, komai yawan shaidunta, ba ta zama hujja ranar da magada suka taso. Haka nan bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum izinin aiki ko ciniki. Wannan sai da takardar zama, wadda Tanzaniya ta kasa gida uku: ta masu zuba jari, ta ma'aikata, da ta sauran mazauna irin su 'yan fansho.

Bakin tekun da baƙo ke ɗauka wurin shaƙatawa gona ce ga matan garin. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke noman ciyawar teku da ake kira mwani: idan ruwa ya janye, sukan shiga har gwiwa su kafa turaku, su ɗaure ƙananan rassa a jikin igiya, bayan makonni su cire su shanya, a sayar wa kamfanonin da ke fitar da wani sinadari mai sa abinci da man goge baki su yi kauri. Ɗumamar ruwan gaɓa ta riga ta rage amfanin noman, katangun otal kuma sun ƙuntata wuraren shanya da hanyoyin sauka teku.

Kusan dukkan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma shigar da ake yi a kan yashi ba a yarda da ita a cikin gari, balle a watan azumi. Bahaushe ba zai yi baƙunta da kiran salla ko tsarin gaisuwa ba, sai dai harshen Suwahili ne ke buɗe ƙofar maƙwabta, kuma baƙin da suka tsaya kan Turanci sukan ƙare a da'irar junansu, suna biyan kuɗin haya da na kifi a farashin 'yan yawon buɗe ido. Wannan farashin ne ke tashi ya iske ɗan gari, wanda da shilin yake samun abin masarufi, har matasa da yawa suke gina ɗakunan aurensu can bayan titi, nesa da gaɓar da iyayensu ke ɗaure kwalekwale.